Ƙwaya miliyan ɗaya, gwaji kan ɗari: yadda ake tsare ingancin magani kafin ya iso kantin unguwa

Masana'antar magani a Tema ko a kan titin Spintex, a ƙasar Ghana, tana iya buga ƙwayar farasitamol miliyan ɗaya a zubi guda, cikin yini ɗaya. A cikin miliyan ɗin nan, waɗanda za su shiga gwajin ƙarshe da ƙyar su kai ɗari. Za a ɗebi 20 a auna nauyinsu, a niƙe 20 a duba yawan maganin da ke ciki, a jefa 6 a ruwa a ga minti nawa za su yi kafin su watse, wasu 6 a ga yadda maganin ke narkewa, sannan a juya kamar 11 a cikin ganga a ga ko suna marmashewa. Galibin waɗanda aka gwada sun tashi daga aiki, domin an niƙe su ko an narkar da su. Ita kuwa ƙwayar da za a miƙo maka a kantin magani a Nima ko Maamobi, babu wanda ya taɓa gwada ta.

Haka aikin yake a Indiya, haka yake a Jamus. Abin da ke ba ɗarin nan ikon yin shaida a kan sauran dubu ɗari tara da ɗoriya abu ɗaya ne: a ce an bi hanya guda tun daga buɗe ganga har zuwa liƙe kwali, hanyar da ke sa ƙwayar farko da ta ƙarshe su fito iri ɗaya, kuma an rubuta kowane mataki a lokacin da ake yin sa. Waɗannan ƙa'idoji su ne ake kira GMP a takardun Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma su ne jami'an Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana, wato FDA, ke zuwa dubawa a masana'antu. Idan hanyar ta karkace, sakamakon ɗakin gwaji yana iya fitowa tas alhali zubin yana da aibu.

Daga ganga ake fara cin amana

Kusan kashi 70 cikin 100 na magungunan da ake sha a Ghana daga waje ake shigo da su. Ko waɗanda ake yi a gida, ainihin sinadarinsu galibi daga Indiya da Sin yake zuwa ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Kaya na sauka a sito, sai a killace su gefe guda a manna musu takarda mai launin ɗorawa. Babu mai taɓa su har sai ɗakin gwaji ya canza takardar zuwa koriya. Idan ja aka manna, an ƙi su ke nan, kuma ɗaki mai makulli za a kai su. Akwai lissafin da aka saba bi wurin ɗibar samfur: ganga 100, a buɗe 11. Amma gwajin tabbatar da cewa abin da ke ciki shi ne abin da aka rubuta a jiki, wannan kowace ganga ya kamata a yi wa, domin farasitamol da sitaci da hodar alli duk farare ne, ido ba ya raba su.

Kowane kaya yakan zo da takardar shaidar gwaji daga mai sayarwa. Masana'antar da ta karɓi takardar nan ta rufe ido, ta ɗora rayukan mutane a kan kalmar dillali. Tarihin maganin ruwa na yara ya isa hujja. Sirof yana buƙatar abin narkar da magani mai ɗan kauri da zaƙi, wato gilisirin ko firofilin gilaikol ko sobitol. Akwai wasu sinadarai biyu na masana'antu, dayetilin gilaikol da etilin gilaikol, waɗanda ake sawa a man birki da ruwan sanyaya inji. Su ma ba su da launi, suna da kauri, suna da zaƙi, kuma sun fi araha. Idan suka shiga jiki, hanta tana mayar da su guba mai kashe ƙoda. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, bayan kwana ɗaya zuwa uku fitsari ya ɗauke.

A 1937 wannan guba ta kashe mutum fiye da 100 a Amurka, abin da ya haifar da dokar magunguna ta 1938 a can. A 1990 ta kashe yara 109 a Nijeriya ta hanyar sirof ɗin farasitamol. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin ya kashe yara 84, a Nijeriyar dai. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya, sama da 200 a Indunusiya. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa wani maganin tari da aka samu a Kamaru yana ɗauke da dayetilin gilaikol har kashi 28.6 cikin 100. Iyakar da aka yarda da ita kashi 0.10 ce, wato a gangar gilisirin mai kilo 250 kada gubar ta wuce giram 250.

Abin da ke ƙona rai shi ne shekara 85 tsakanin na farko da na Gambiya, kuma hanyar kamawa sananniya ce. Gwajin haske da ake yi don gane sinadari yana iya cewa wannan gilisirin ne, ya kasa ganin 'yar gubar da aka gauraya a ciki. Dole sai an bi ta na'urar da ke mayar da samfur tururi ta rarrabe abubuwan da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya, wadda ake kira GC, kuma kowace ganga da nata gwajin, domin a kwantena ɗaya ganga 79 na iya zama lafiya, ta 80 ce aka canza wa takarda a hannun dillali na uku. Masana'antar da ba ta da na'urar nan, ba ta kuma biyan wani ɗakin gwaji ya yi mata, ba ta da hurumin dafa wa yaran mutane sirof. A wannan babu sassauci.

Ruwa, iska da wuta

Ruwan famfo na Weija ko Kpong ruwan sha ne, bai kai ruwan haɗa magani ba. Na rijiyar burtsatse kuwa a sassa da yawa na Accra gishiri ya yi masa yawa. Ana bi da shi ta matatar yashi, sai matatar gawayi da ke cire kulorin, sai mai rage masa kanwa, sannan a matsa shi da ƙarfi ta wata fata mai tsananin laushin ido da ke tare gishiri. Kulorin yana cin fatar nan, shi ya sa ake cire shi. Sai dai da zarar an cire shi, ruwan ya rasa mai tsaronsa, matatar gawayin kanta ta zama gidan ƙwayoyin cuta idan ba a wanke ta a kan kari. Saboda haka ruwan da aka tace ba a barin sa ya kwanta. Yana zagayawa dare da rana a bututun ƙarfe marar tsatsa, wasu wuraren da zafi sama da digiri 70. Duk wani reshen bututu da ruwa ke tsayawa a cikinsa, a nan yauƙin ƙwayoyin cuta ke mannewa, kuma idan ya kafu wanki ɗaya ba ya fitar da shi. Iyakar ruwan haɗa sirof ƙwayar cuta 100 ce a kowane mililita. Na allura ya fi tsanani nesa ba kusa ba: 10 a mililita 100.

Iska kuma aikinta biyu. Ana sa matsin iskar baranda ya ɗan fi na ɗakin buga ƙwaya, da kamar faskal (ma'aunin matsin iska) 10 zuwa 15, yadda idan an buɗe ƙofa iska za ta shiga ɗakin, ƙurar magani ba za ta fita ta faɗa wa wani maganin ba. Dangin fenisilin, irin su amoksisilin, gini daban ake ware musu da nasu injin iska da nasu kayan sawa, domin ɗan ɓurɓushinsu a cikin wani magani yana iya sheƙe wanda jikinsa ba ya karɓar su. Aiki na biyu shi ne rage danshi. Accra bakin teku take, danshin iska yakan wuce kashi 80 a yawancin shekara, alhali ɗakin buga ƙwaya yana son wajen kashi 50, wasu magungunan masu shan danshi ƙasa da 30.

Duk wannan da wutar lantarki yake tafiya. Wanda ya ga dumsor, wato yawan ɗaukewar wuta, na 2015 ya san abin da ake nufi. Ɗaukewar wuta na minti goma yana tsayar da zagayen ruwa, ya kawar da bambancin matsin iskar ɗakuna da baranda, ya bar jiƙaƙƙen gari a cikin injin busarwa. Janareto mai tashi da kansa bai wadatar ba. Dole a rubuta ƙarfe nawa wutar ta tafi, ƙarfe nawa ta dawo, wane zubi ne ke kan inji, sannan sashen tabbatar da inganci ya yanke hukuncin ko za a ci gaba. Kuɗin dizal ɗin nan yana cikin dalilan da ke sa maganin gida wani lokaci ya fi na Indiya tsada.

Yadda gari ke zama ƙwaya

Zubin ƙwaya miliyan ɗaya mai miligiram 500 yana cin kilo 500 na farasitamol. A ce nauyin kowace ƙwaya miligiram 600 ne. Ragowar kilo 100 ɗin sitaci ne da abin ɗaurewa da abin sa santsi. Mutum biyu ne ke awo, ɗaya ya auna ɗaya ya duba, dukansu su sa hannu, kuma kowace safiya sai an gwada sikelin da duwatsun awo na musamman.

Garin farasitamol ba ya gudu, ba ya kuma kamuwa idan an matse shi. Don haka ake fara mayar da shi tsaki-tsaki, kusan yadda ake yin dambu: a yayyafa wa gari ruwan ɗaurewa ana juyawa har ya dunƙule ƙanana-ƙanana, a busar da iska mai ɗumi wajen digiri 60, a bi da shi ta rariya. A busarwar nan ne gizo ke saƙa. Danshin da ake so ya rage galibi tsakanin kashi 1 ne zuwa 3, gwargwadon abin da aka tabbatar wa wannan maganin. Idan ya bushe ƙayau, ƙwaya za ta fito kanta yana ɓallewa kamar murfi, ko ta rabu falle-falle. Idan danshi ya yi yawa, za ta manne wa bakin ƙarfen da ke buga ta, rubutun kanta ya cike, kuma a hankali ruwan zai riƙa farfasa farasitamol yana mayar da shi wani sinadari mai cutar da ƙoda, wanda a ɗanyen kaya ba a yarda ya wuce kashi 50 cikin miliyan ba.

Daga nan sai a zuba abin santsi, maganiziyam sitiyaret, wajen rabin kashi ɗaya cikin 100, a juya minti 3 zuwa 5 kacal. Ma'aikacin da ya bar injin yana juyawa minti 20 saboda ya tafi amsa waya ya lulluɓe kowane tsaki da wani maiƙo da ruwa ba ya ratsawa. Ƙwayar za ta fito sumul, nauyinta daidai, maganin cikinta cif, amma ta ƙi narkewa a ciki a kan lokaci.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: injin buga ƙwaya ba ya auna nauyi. Ramuka gare shi masu girma ɗaya, gari ya cika rami, ƙarfe biyu su matse shi sama da ƙasa. Idan tsakin ya yi laushi a farkon zubi ya yi gwaɓi a ƙarshe, nauyin da ke shiga ramin zai canza ba tare da an taɓa komai ba. Kuma girgizar inji da kanta tana rarraba gari, mai laushi ya nutse, manya su taso. Shi ya sa duk bayan minti 15 zuwa 30 ake ɗibar ƙwayoyi a bakin inji a auna nauyi da kauri da tauri, a ɗiga sakamakon a kan jadawali. Gwani ba ya jiran awo ya fita daga iyaka. Idan ya ga miligiram 601, 604, 608, 611 a jere, ya san wani abu na tafiya ko da iyakar 630 ce, sai ya tsayar ya duba.

A farasitamol, inda maganin ya fi kashi 80 na ƙwayar, nauyi daidai kusan yana nufin magani daidai. Ƙananan magunguna ne ke hana masu aikin barci. Ɗauki digoksin na ciwon zuciya, miligiram 0.25 a ƙwaya mai nauyin miligiram 100. Zubin miliyan ɗaya na nufin a baza giram 250 na magani a cikin kilo 100 na gari, yadda kowane ɗan tsunkule zai sami rabonsa daidai. Ba a juye shi gaba ɗaya. Ana haɗa giram 250 ɗin da giram 250 na gari, sannan 500 ɗin da wani 500, ana ninkawa har a cinye. Bayan an gama a soka bututun ɗiba a wurare goma na tukunyar, sama da tsakiya da ƙasa da kusurwoyi. Ƙwayoyin ma ɗaya-ɗaya ake gwada guda 10, domin idan aka niƙe su tare, mai ninki biyu da wadda ba ta da komai za su haɗu su ba da matsakaici mai kyau. A magani irin wannan, tazarar da ke tsakanin warkarwa da guba siririya ce ƙwarai.

Tsakanin magani da magani kuma akwai wanki. Bayan an wanke inji ana goga auduga a lungunan da suka fi wuyar kaiwa, a kai ɗakin gwaji. Tsohuwar ƙa'idar da aka fi sani ita ce ragowar maganin baya kada ya wuce kashi 10 cikin miliyan a na gaba.

Abin da ɗakin gwaji ke nema

Iyakokin a rubuce suke a kundayen ƙa'idar magunguna na Birtaniya da Amurka da na Hukumar Lafiya ta Duniya. A ƙwaya mai nauyin miligiram 250 ko fiye, cikin 20 da aka auna ba a yarda fiye da 2 su kauce wa matsakaicin nauyi da sama da kashi 5 ba, kuma ko ɗaya kada ta kauce da kashi 10. Yawan farasitamol, a ƙa'idar Birtaniya, tsakanin kashi 95 ne zuwa 105 na abin da aka rubuta, wato miligiram 475 zuwa 525. Gangar gwajin marmashewa tana juyi 100 cikin minti 4, asarar nauyi kada ta wuce kashi 1. Ƙwaya marar rufi ta watse cikin minti 15 a ruwa mai zafin jiki, digiri 37.

Gwajin narkewa ne ya fi kusa da abin da ke faruwa a cikin mutum. Ana saka ƙwaya a tulun gilashi mai mililita 900 na ruwan gwaji, wani ɗan filafili yana juyawa sau 50 a minti, bayan minti 30 a ɗebi ruwan a auna. Ana son aƙalla kashi 80 na farasitamol ya riga ya narke. Nan ne ake kama ƙwayar da aka matse fiye da kima da wadda abin santsi ya yi wa yawa. A maganin ciwon kai, illar ita ce ciwon ya ƙi tafiya. A maganin zazzaɓin cizon sauro ko na kashe ƙwayoyin cuta, abin da ke isa jini ya gaza kashe cutar, ya kuma koya mata jure maganin.

To, idan sakamako ya fito ba daidai ba fa? A nan ake gane masana'antar ƙwarai. Hanya ita ce a ajiye komai yadda yake, a duba ko kuskuren ɗakin gwaji ne, a samo hujjarsa a rubuce. Idan babu, sakamakon ya tsaya, a koma a binciki zubin da waɗanda aka yi kafinsa da bayansa. Muguwar ɗabi'a ita ce a yi ta maimaita gwaji har a dace da mai kyau, a jefar da sauran. Na'urorin zamani suna ajiye tarihin duk samfurin da aka saka musu da duk abin da aka goge, kuma jami'in bincike da ya san aikinsa can yake fara leƙawa. Wannan ne ma ya sa shugaban ɗakin gwaji ba ya zama a ƙarƙashin shugaban sashen sarrafawa. Wanda ake tambaya kwali nawa ya fitar a wata, bai dace ya zama shi ke da ikon cewa zubi ya wuce ba.

Takardar zubi tana iya kai shafi hamsin ko fiye. Ba a cika ta da fensir, ba a shafa farin fenti, ba a bari sai an tashi aiki a zauna a cike daga ka. Wanda ya yi kuskure ya ja layi ɗaya yadda za a iya karanta na farko, ya rubuta daidai, ya sa hannu da kwanan wata. A ƙarshe a yi lissafi: an fitar da kwali 10,000, an yi amfani da 9,940, an lalata 55, ina 5? Kwali biyar da suka ɓata na iya ƙarewa da wani magani daban a cikinsu.

Kwanan watan da ke jikin kwali sharaɗi gare shi

Ghana tana cikin yankin da aka ware a matsayin mai zafi da tsananin danshi. Don haka ana ajiye samfur a akwati mai digiri 30 da danshi kashi 75 tsawon duk rayuwar maganin, ana cirowa a gwada a wata na 3, 6, 9, 12, 18, 24 har zuwa ƙarshe, wani kuma a digiri 40 na wata 6 don a ga abin da zafi zai yi da wuri. Maganin da aka gwada don yanayin Turai, digiri 25 da danshi kashi 60, shekarunsa uku na can ba lalle su zama uku a nan ba. Mazubi ma yana cikin gwajin. Katin roba mai haske yana barin danshi ya ratsa a hankali. Mai alminiyam gaba da baya ya fi tsarewa, ya kuma fi tsada. Ana gwada liƙin katin ta hanyar nutsa shi a ruwan shuɗi a zuƙe iskar tukunyar; aljihun da shuɗi ya shiga, liƙinsa bai kama ba.

Ma'anar wannan ita ce ranar ƙarewar aiki tana tsaye ne muddin an ajiye maganin ƙasa da digiri 30. Kantin kwantena mai rufin kwano a Sabon Zongo da tsakar ranar watan Maris ya wuce haka, balle faranti a kan mai talla a tashar mota, ko kwali a bayan gilashin mota daga Okaishie zuwa Madina cikin cunkoso. Allurar oksitosin da ake yi wa mai jego don tsayar da jini tana son firiji, digiri 2 zuwa 8. Binciken da aka yi a Ghana wajen 2012 ya samu mafi yawan samfuran wannan allura da 'yar'uwarta egometirin ba su cika ƙa'ida ba. Ungozoma za ta yi allura tana ganin ta yi abin da ya dace, jini ya ci gaba da zuba.

A gida ma akwai rabonmu. Garin amoksisilin na yara da ruwan da aka tafasa ya huce ake haɗa shi, daidai layin da ke jikin kwalba, kuma galibi kwana 7 ne rayuwarsa bayan haɗawa. A duba takardarsa. Hajiya da ke ajiye ragowa don zazzaɓin wata mai zuwa, abin da ke kwalbar ya riga ya rage ƙarfi. Al'adar ɓare ƙwayoyi daga kati a ƙulla a leda, ko a yanka kati a sayar da biyu-biyu, tana cire wa maganin kariyarsa, tana kuma raba shi da lambar zubinsa.

Lambar zubi

FDA ta samo asali ne daga dokar abinci da magunguna ta 1992, dokar kiwon lafiyar jama'a ta 2012 ta ba ta matsayin da take da shi yanzu. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗora ta a mataki na 3 cikin 4 na ƙwarewar sa ido, ƙasa ta biyu a Afirka bayan Tanzaniya. Wannan abin a yaba ne, sai dai ikonta a kan abin da ya bi ta ƙofa yake. Tashar Tema da filin jirgin saman Accra su ne hanyoyin da aka amince a shigo da magani. Kwalin da ya tsallako ta Aflao, kan iyakar Togo, a ƙarƙashin atamfa, ko taramadol mai miligiram 225 da ke cin samarinmu alhali 50 da 100 kaɗai aka yi wa rajista, babu wanda ya ga masana'antarsa balle takardar zubinsa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya ce ɗaya cikin 10 na magunguna a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki jabu ne ko marar inganci.

Masana'anta tana ajiye samfurin kowane zubi har shekara ɗaya bayan ƙarewar aikinsa, da jerin dilolin da ta ba. Ranar da aka gano matsala, da lambar da ke gaban kalmar Batch ko Lot ake bin sawu: daga masana'anta zuwa babban dila, daga dila zuwa kanti. Zaren yakan tsinke ne a wurin mai kantin da ya saya ba rasit, ko rasit ɗin ba lamba. Alhaji mai kantin magani, ka nemi a rubuta maka lambar zubi a takardar sayayya, ka rataya ma'aunin zafi a kanti ka riƙa dubawa da azahar, ka ɗaga kwalaye daga ƙasa ka nisanta su da bangon da rana ke duka, ka sa mai kusan ƙarewa a gaba. Mai saye kuma ya duba lambar rajistar FDA, ya tabbatar lambar zubi da kwanan watan da ke kan kati sun yi daidai da na kwali, kada ya jefar da kwalin sai ya gama shan maganin. Ƙwayar da ta canza launi ko ta yi laushi, sirof da ya yi gajimare ko murfinsa ya kumbura, a mayar wa mai kantin, a kuma kai rahoto ofishin FDA ko ta manhajar Med Safety da ke waya. Idan kuwa yaro ya sha sirof ya fara amai, fitsarinsa ya ragu ko ya ɗauke, a daina ba shi nan take, a wuce asibiti a ranar, a tafi da kwalbar da kwalinta.